Taransfoma ɗaya, gidaje 130: yadda aka shawo kan hauhawar ƙarfin wuta bayan shigowar sola

## Yadda layin yake tun farko

Unguwa ce mai gidajen zama 130, dukansu a rataye da taransfoma guda mai kVA 315 (kVA shi ne ma'aunin girman na'urar wuta) wadda ke sauko da wuta daga bolt 11,000 zuwa bolt 400. Rassa uku ne suka fita daga jikinta. Biyu gajeru ne, kuma har aka gama wannan aiki ba su ba kowa ciwon kai ba. Na ukun shi ne dogon: rabin kilomita, gidaje 45, wayar alminiyam mai rufi a murɗe, kaurinta murabba'in milimita 95. Wayoyi huɗu ne a cikin murɗin. Uku na ɗauke da wuta, su ne ma'aikata ke kira fes, ta huɗun kuma nutural ce, hanyar da wuta ke bi ta koma. Kowane gida an ɗaura shi a kan fes ɗaya da nutural, yana samun abin da ake kira bolt 230.

Wannan 230 suna ne kawai. Ƙa'idar EN 50160, wadda kamfanin rarraba wutar ke bi, ta yarda a hau ko a sauka da kashi 10 cikin ɗari, wato daga 207 zuwa 253, ana kuma duba hakan da matsakaicin kowane minti goma na tsawon mako guda. Waɗanda suka shimfiɗa layin abu ɗaya suka sa a gaba: kada wuta ta yi rauni a gidan ƙarshe da daddare, sa'ad da kowa ya kunna kayansa. Don haka aka saita taransfomar tana fitar da kusan bolt 243 idan babu nauyi a kanta. Da daddare bakin taransfoma kan sauka zuwa 233, ƙarshen dogon reshe ya tsaya a 218. An yi shekaru a haka lafiya ƙalau, domin wuta hanya ɗaya take bi, daga taransfoma zuwa gidaje, kuma tana tafe tana raguwa. Tsakanin 243 da 253 bolt goma ne kacal, amma a lokacin babu abin da zai ci wannan rata, don haka ba wanda ya waiwaye ta.

Cikin shekara biyu gidaje 34 suka ɗora farantan sola, kusan kowanne da inbata, wato na'urar da ke mayar da wutar faranti irin ta gida, mai kVA 5 da ke tura rarar wuta cikin layi. Goma sha huɗu daga ciki suna kan dogon reshe. Kundin kamfani ya ce an raba su daidai: biyar a fes A, biyar a fes B, huɗu a fes C.

## Wata na 1 zuwa na 3: ƙorafi da awon farko

Gidaje shida ne suka fara kai ƙara, dukansu a rabin ƙarshe na dogon reshe, kuma bakinsu ɗaya. Inbata na mutuwa da tsakar rana, tsakanin ƙarfe 11 da ƙarfe 2, musamman ranar da gari ya washe kuma babu zafin da zai sa a kunna na'urar sanyaya ɗaki. Wanda ya tsaya gaban allon inbatar zai ga lambar tana hawa, 250, 252, 255. Can sai a ji ƙas daga ciki, koriyar fitila ta koma ja, wutar da ake samarwa ta faɗi sifili. Da ta mutu sai ƙarfin layin ya sauka, inbatar ta ƙirga minti guda ko fiye, ta dawo, ta sake tura wuta, lambar ta sake hawa. A manhajar waya, jadawalin da ya kamata ya fito kamar tudu guda sai ya fito kamar haƙoran zarto.

Inbatar ba lalacewa ta yi ba, umarni take bi. An saita ta ta cire kanta idan matsakaicin minti goma ya haura 253. Kuma kafin ta iya tura wuta cikin layi dole ta ɗaga ƙarfinta ya ɗan fi na layin, kamar yadda ruwa ba ya gangarawa sai daga tudu. Lissafin ba shi da wuya. Kilowat 5 (kW 5) a kan bolt 230 amfiya 22 ne, amfiya kuwa ma'aunin yawan wutar da ke gudu a waya ne. Wayar alminiyam mai kauri 95 tana da turjiya, wato yadda waya ke tauye gudun wuta, ta om 0.32 a kowane kilomita. Gidan da ke ƙarshen rabin kilomita yana da 0.16 a tafiya ta fes, da wani 0.16 a dawowa ta nutural. A ninka 22 da 0.32, a sami bolt 7. Gida ɗaya tak ya cinye bakwai cikin goman nan. Da a ce gidaje uku ne ke turawa daidai da juna, kowanne a fes dabam, wutar da ke bi ta nutural za ta kashe juna, hawan ya tsaya a bolt 3.5. Wannan bambanci shi ne daga baya ya zama ƙashin bayan lamarin, amma a watannin farko ba wanda ya kai kansa.

Kamfani ya tura ma'aikaci da abin awo na hannu. Ya isa da ƙarfe tara na safe, ya sami 245, ya rubuta cewa wuta na cikin ƙa'ida, aka rufe takardar. Da ƙorafi ya ci gaba aka maƙala na'urar naɗar bayanai a bakin taransfoma na mako guda. Ta nuna 232 zuwa 245, aka sake rufewa. Masu haɗa sola suka ce laifin kamfani ne, kamfani ya ce laifin inbata ne. An sauya inbata biyu a kan garanti, sababbin suka ɗora daga inda tsofaffin suka tsaya.

Daga nan wasu masu haɗawa suka bi gajeriyar hanya: suka shiga saitin inbata uku suka ɗaga iyakar mutuwa zuwa 264. Waɗannan ukun suka daina mutuwa. Ƙarfin wuta a ƙarshen reshen ya kai 259, sauran inbatocin suka riƙa mutuwa tun kafin ƙarfe 11, wani gida da ko sola ba shi da ita ya fara kukan ƙwayayen fitilarsa ba sa daɗewa.

## Wata na 4: sauke taf ɗin taransfoma

Irin wannan taransfoma tana da makunni mai matsayi biyar da ake kira taf. Kowane mataki kashi 2.5 cikin ɗari ne, kusan bolt 6, kuma ba a juya shi sai an kashe taransfomar gaba ɗaya. An sauke shi mataki biyu, daga 243 zuwa 231. An kuma tilasta a mayar da inbatocin nan uku kan 253.

Tsakar rana ta gyaru nan take, mafi girman awo a ƙarshen reshe ya dawo 247. Amma taf bai san rana da dare ba, bolt 12 ɗin da ya cire da rana su ya cire da daddare. Ƙarshen reshe ya sauka daga 218 zuwa 206, a daren da aka yi zafi ya taɓa 203. Firji da famfon ruwa da na'urar sanyaya ɗaki duk mota ce a cikinsu, wato injin lantarki mai juyawa, kuma irin wannan mota idan wuta ta yi rauni sai ta ja amfiya fiye da ƙima, ta yi gurnani kafin ta tashi, ta ɗau zafi. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Bayan mako uku aka sake ɗauke wuta aka ɗaga taf mataki ɗaya, zuwa 237. Dare ya koma 212. Rana ta koma 253 zuwa 254, inbata huɗu suka ci gaba da mutuwa, ko da yake ba kamar da ba.

## Wata na 5 da na 6: dakatarwa da batun sauya waya

Kamfani ya dakatar da karɓar sababbin masu sola a wannan taransfoma. Hakan bai taɓa gidaje 14 da suka riga suka shiga ba, don haka awon bai motsa ba. Abin da ya motsa shi ne jerin masu jira, wanda ya kai 19 kafin a buɗe.

An kuma yi lissafin sauya wayar reshen daga kauri 95 zuwa 150. Turjiya za ta sauka daga 0.32 zuwa 0.206, ragin kusan kashi 36 cikin ɗari. Hawan da ake gani a ƙarshen reshe kusan bolt 16 ne, zai dawo wajen 10. Ribar bolt 6 ke nan, daidai da matakin taf guda, a kan aikin da ke buƙatar duba ƙarfin kowace falwaya, da sake ɗaura gidaje 45, da kwanaki ana ɗauke wuta. Wani injiniya a sashen tsare-tsare ya lura cewa idan har rabon biyar, biyar, huɗu gaskiya ne, lissafi bolt 7 yake bayarwa, ba 16 ba. Ko dai awon ne ba daidai ba, ko kundin. Aka jingine batun waya har a gano wanne ne.

## Wata na 7 zuwa na 9: buɗe idon mitoci

Dukan gidajen suna da mitocin zamani masu aika bayani da kansu, an saka su shekaru kafin wannan rikici. Sai dai don lissafin kuɗin wuta kawai aka saye su, ana karɓar lamba ɗaya daga kowacce a rana. Mitocin suna auna ƙarfin wuta kowane lokaci, ba a dai taɓa ce musu su adana ba. Ta hanyar DLMS/COSEM, yaren da yawancin irin waɗannan mitoci ke magana da shi, aka kunna musu adana matsakaicin minti goma na abu huɗu: bolt, amfiya, kW da kVAr (ma'aunin wutar kai-komo, wadda bayaninta ke gaba). A taransfoma kuma aka saka na'urar sa ido ta dindindin, da zobban Rogowski masu lanƙwasa da ake naɗewa a jikin waya ba tare da an yanke ta ba, ɗaya a kowace fes ta kowane reshe, har da nutural.

Abu biyu suka ba da wahala. Na farko yawan bayanai. Rana tana da minti goma-goma 144, a ninka da mitoci 130, an sami 18,720 a kan kowane abin awo, kusan 75,000 idan an haɗa huɗun. Tsarin da ya saba karɓar lamba 130 a rana ya shaƙe, har karatun kuɗin wuta ya fara makara. Sai aka raba jan bayanan kashi huɗu a yini, aka kuma ware musu rumbu dabam da na lissafin kuɗi. Na biyu agogo. Wasu mitocin sun yi gaba da mintuna, wasu sun yi baya, kuma awon da lokacinsa bai dace da na maƙwabcinsa ba ba a iya kwatanta su. Sai da aka daidaita agogon kowace mita, aka zubar da bayanan makon farko, aka fara daga sifili.

Dabarar gano fes mai sauƙi ce. Gidajen da ke kan fes ɗaya ƙarfin wutarsu tare yake hawa, tare yake sauka. Ba lambar kanta ake dubawa ba, canjin da ke tsakanin awo da wanda ya biyo shi ake bi, a kwatanta shi da na fes uku a bakin taransfoma. Bayanan mako biyu sun isa. An fi dogara da na dare, domin da rana giftawar gajimare kan girgiza duk fes ɗin a lokaci guda ta ruɗa lissafin.

Sakamakon: gidaje 13 cikin 45 ba sa kan fes ɗin da kundi ya ce. Ainihin rabon gidaje 18 ne a A, 14 a B, 13 a C. Na masu sola kuwa takwas a A, uku a B, uku a C. An tura ma'aikata da na'urar tantance fes suka bi gida-gida, suka tabbatar da duka 13. Dalilin ba wani abin mamaki ba ne. Duk sa'ad da aka yi gyara bayan iska ko aka ɗaura sabon gida, mai hawa falwaya wayar da ta fi kusa da hannunsa yake kamawa, takarda kuma a ofis ake cike ta.

Wata tsakar rana guda ta nuna komai. A falwaya ta biyun ƙarshe akwai gidaje biyu masu kallon juna. Mitar na fes A tana karanta 254, ta na fes B tana karanta 237, a minti goma ɗaya. Zoben nutural na reshen yana nuna amfiya sama da 80, a wayar da ya kamata a ce kusan babu komai a cikinta. Wannan wuta ta nutural ita ke ƙara wa A kusan bolt 7, tana kuma rage wa B da C.

An gano wani abu dabam da aka haɗa awon mita da wanda inbata ke aikawa kamfanin da ya ƙera ta. A yawancin gidaje bambancin bolt 1 ne zuwa 2. A gidaje biyu ya kai 6. Dukansu an ajiye inbatar nesa da mita, an ja wayar tagulla mai kauri 4 tsawon mita 30. Turjiyarta om 4.61 ce a kilomita, tafiya da dawowa 0.28, a ninka da amfiya 21. Waɗannan biyun ko da layin kamfani ya gyaru za su ci gaba da mutuwa. Da aka sauya musu zuwa kauri 10, bambancin ya dawo bolt 2 da ɗoriya.

## Wata na 10: sauya fes

Kafin a taɓa waya an gina kwafin reshen a OpenDSS, manhajar kwaikwayon layin wuta da cibiyar EPRI ta Amurka ke bayarwa kyauta, aka zuba mata ainihin bayanan mitoci. Sai da kwaikwayon ya fitar da 254 da 237 kamar yadda aka auna sannan aka yarda da shi. An gwada zaɓi iri-iri, ana duba rana da dare tare, domin gidan da aka ɗauke daga A da solarsa yake tafiya, da nauyinsa na dare kuma. Wanda ya fi: a ɗauke gidaje uku masu sola daga A, dukansu daga kashi ɗaya cikin uku na ƙarshen reshe, biyu zuwa B, ɗaya zuwa C. Sauya gidan da ke kusa da taransfoma kusan ba ya canza komai, tunda wayar da wutarsa ke bi gajeriya ce.

Aikin yini ɗaya ne, ma'aikata uku da mota mai kwando, kowane gida ya rasa wuta ƙasa da awa guda. Rabon sola ya zama biyar, biyar, huɗu na gaske, na gidaje kuma 15, 16, 14. A makon da ya biyo baya mafi girman awo a ƙarshen reshe 247 ne. Wutar nutural da rana ta sauka ƙasa da amfiya 20. Dare ma ya amfana, daga 212 zuwa 216. Babu inbatar da ta sake mutuwa.

## Wata na 11 zuwa na 13: saitin inbata

Matsalar gidaje 14 ta ƙare, amma 19 na jira, bakwai daga cikinsu a dogon reshe. Ana buƙatar ƙarin rata, kuma inbatocin zamani suna da hanya biyu ta taimakawa.

Ta farko, wadda ake rubutawa Volt-VAr a jerin saiti, ita ce inbata ta riƙa shan wutar kai-komo idan ƙarfi ya hau. Wutar kai-komo ita ce wadda ke zirga-zirga tsakanin na'ura da layi ba tare da ta yi aiki ba, ana auna ta da kVAr, kuma shan ta na janyo ƙarfin layi ƙasa. An ɗauki lambobin da ƙa'idar IEEE 1547 ta 2018 ta tanada wa inbatocin da ta kira rukunin B: a fara sha daga kashi 102 cikin ɗari na 230, wajen bolt 235, a kai maƙura ta kashi 44 cikin ɗari na girman inbata a kashi 108, wajen bolt 248. Ribar ta zo bolt 2 zuwa 3, ƙasa da yadda wasu suka yi tsammani. Dalili shi ne wutar kai-komo tana tasiri ne gwargwadon turjiyar maganaɗisu ta layi, kuma a murɗaɗɗiyar waya wannan ƙarama ce, kusan rubu'in turjiyar zahiri. Yawancin ribar daga taransfoma ta fito. Akwai kuma farashi: inbata mai kVA 5 da ke shan kashi 44 ba za ta iya ba da fiye da kW 4.5 ba. A nan abin bai yi ciwo ba, tunda zafin faranti da ƙura sun riga sun tsayar da yawancinsu a wajen 4.2.

Ta biyu, Volt-Watt, ita ce inbata ta rage wutar da take samarwa a hankali maimakon ta mutu gaba ɗaya. A nan aka yi kuskure. Don neman tabbaci aka sa ragin ya fara daga 242, ya kai kashi 20 cikin ɗari a 250. Gidan ƙarshen reshe da ke ganin 246 sai aka taƙaita shi a kW 3 alhali rana na ba shi sama da 4. Gidan da ke gindin taransfoma yana ganin 239, ko wat ɗaya bai rasa ba. Kaya iri ɗaya, rana ɗaya, wani ya tafka asarar fiye da rubu'i saboda inda gidansa ya faɗo. Bayanan mitoci suka fallasa hakan cikin mako uku. Aka ɗaga farkon ragin zuwa 249, maƙurarsa 253, ya zama birkin gaggawa kawai.

Cikin inbata 34, an sauya saitin 22 daga nesa ta intanet, takwas sai da aka je gida da kwamfuta, huɗu tsofaffi ne da ba su da waɗannan saituna, aka bar su. Sauyi daga nesa ba sabon abu ba ne: a 2015 kamfanin Enphase mai ƙera inbata ya sabunta saitin ƙananan inbatoci kusan 800,000 a jihar Hawai ta Amurka ta wannan hanya. An kuma bambanta lokacin da kowace inbata ke jira kafin ta dawo, aka sa ta hau a hankali. Darasin daga Jamus aka ɗauko shi, inda tsohuwar doka ta sa kowace inbata ta cire kanta idan bugun wuta, wato sau nawa take kai-kawo a daƙiƙa, ya kai haz 50.2. Da sola ta yawaita aka gane cewa dukansu za su iya faɗuwa a daƙiƙa ɗaya, daga 2012 aka shiga sake saita sama da 300,000.

## Wata na 14 zuwa na 18: iyaka mai sauyawa

An buɗe wa masu jira 19 ƙofa bisa sharuɗɗa uku. Kamfani ne ke zaɓa wa gida fes, kuma mita ce za ta tabbatar cikin mako biyu. Duk inbatar da ta wuce kVA 5 sai ta zama mai fes uku. Kowace sabuwa kuma dole ta karɓi iyakar turawa daga kamfani ta ƙa'idar IEEE 2030.5. Kwamfutar kamfani na duba awon taransfoma da hasashen rana, ta aika wa kowace inbata iyakar abin da za ta tura, har zuwa kW 5. Idan sadarwa ta yanke, inbatar ta koma kW 1.5 da kanta. Iyakar ta shafi abin da ke fita layi ne kawai, abin da gida ke sha daga solarsa ba ruwan kamfani da shi. Tsarin ya yi kama da na kamfanin SA Power Networks a Kudancin Ostireliya, wanda ke ba da tsakanin kW 1.5 da 10.

A wata na 16 aka tarar biyar cikin 19 sun maƙale a 1.5, wasu tun makonni. Ba layin wuta ba ne, intanet ɗin gida ne: an sauya lambar sirri, ko an sayi sabuwar na'urar wayifayi, inbata ta rasa hanya ta yi shiru. Masu gidan ba su sani ba, tunda fitilarsu na ci. Aka sa tsarin ya aika saƙo ga mai gida da mai haɗawa idan inbata ta yi awa 24 ba ta amsa ba, sababbin haɗi kuma aka wajabta musu wayar intanet ta kai tsaye ko sim na kansu.

A wata na 17 wani kamfanin inbata ya tura sabuwar manhaja, inbatoci shida suka koma saitin masana'anta ba sanarwa. An gano ne daga mitoci: idan aka zana kVAr a kan bolt, gidan da saitinsa ke aiki yana ba da layi mai gangara, waɗannan shidan sun ba da layi kwance. Tun daga nan ake fitar da wannan zane ga kowane gida duk wata.

## Wata na 19 zuwa na 24: inda aka tsaya

Gidaje 53 ke da sola, jimillar kW 265, 21 daga ciki a dogon reshe, bakwai a kowace fes. Mafi girman matsakaicin minti goma a ƙarshen reshe 251 ne, mafi ƙanƙanta 214. Wutar da ke komawa baya ta taransfoma zuwa layin 11,000 ta kai kW 180 a ranar da ta fi yawa, ƙasa sosai da ƙarfin taransfomar. A cikin wata shida, kwana 11 ne kawai aka sauke iyaka ƙasa da kW 5, kusan awa biyu kowace rana, kuma duka ranakun da babban layin ne da kansa ya hau saboda solar wasu unguwanni. Wayar reshen ita ce dai ta da.

## Hukunci

Idan aka jera matakan da bolt ɗin da kowanne ya samar, sauya fes na gidaje uku ne a gaba da wajen 9 a lissafi, 7 a awo, sai matakin taf guda da 6, sai wutar kai-komo da 2 zuwa 3. Aikin da ya fi tasiri shi ne mafi sauƙi, yini ɗaya da mota mai kwando, kuma ana iya yin sa tun watan farko. Abin da ya hana shi ne an gaskata kundi, an kuma yi awo a inda ba a nan ciwon yake ba. Awon ƙarfe tara na safe da na bakin taransfoma duk gaskiya suka faɗa, amma an bar jaki ana dukan taiki har wata shida. Mitoci ba su sauke bolt ko ɗaya ba. Sun dai nuna gidajen da za a taɓa, sannan sun kama kurakurai uku da ba don su ba da har yanzu suna nan: ragin da ya zalunci gidajen ƙarshe, inbatocin da suka maƙale a 1.5, da saitin da ya goge.

Sauke taf mataki biyu kuskure ne da lissafin minti biyar zai hana, tunda 218 a cire 12 ya faɗi ƙasa da 207. Dakatar da sababbin masu sola shi ne matakin da ya fi rashin amfani: bai gyara komai ba, ya kuma hukunta waɗanda ba su da hannu a matsalar. Iyaka mai sauyawa ba ta cika aiki ba, kwana 11 cikin wata shida, kuma ita ta fi kawo ɗawainiya. Duk da haka ita ce ta ba injiniyoyi ƙarfin gwiwar amincewa da kW 5 ga kowa, maimakon su ƙayyade kowa a 1.5 duk shekara saboda tsoron ranaku ƙalilan.

Batun sauya waya bai mutu ba, ya dai koma ɓangaren dare. Tsakanin 214 da 207 bolt 7 ne suka rage. Cajar motar lantarki mai kW 7 a fes ɗaya tana jan amfiya 32, wanda a ƙarshen reshen nan faɗuwar bolt 10 ce daga gida guda. Taf ba zai sauka ba saboda dare, ba zai hau ba saboda rana. Zaɓi biyu ne ke gaban sashen tsare-tsare yanzu: waya mai kauri 150, ko taransfomar da ke juya taf ɗinta da kanta ba tare da an ɗauke wuta ba, ta sauka da hantsi ta hau da magariba. Ana gwada duka biyun a kwafin reshen da bayanan shekara guda na mitoci 130.